Tambayoyi da Amsoshi: Yaya Ake Auna Tasirin Mai Binciken Cututtukan Zuciya?

Cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun fi kowane rukunin cututtuka kisa a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 sun yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 17.9. Shi ya sa ake zuba maƙudan kuɗi a binciken wannan fanni, kuma duk inda kuɗi da muƙami suka taru, dole a nemi hanyar da za a ce wane ya fi wane. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai, sababbin malaman jami'a da 'yan kwamitin ƙarin girma suka fi yi a kan wannan awo.

Mene ne ambato, kuma me ya sa ake ƙirga shi?

Idan mai bincike ya rubuta maƙala, a ƙarshenta yakan jera ayyukan da ya dogara da su. Duk aikin da ya shiga wannan jeri ya samu ambato ɗaya. Tunanin da ke bayan ƙirgar shi ne: aikin da wasu masana suka yi ta komawa gare shi, akwai alamar ya yi musu amfani.

Wanda ya mai da wannan tunani sana'a shi ne Eugene Garfield, Ba'amurke. A 1955 ya kawo shawarar a mujallar Science, kuma a 1964 cibiyarsa da ke Philadelphia ta fitar da kundin ambato na farko na kimiyya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, asalin manufarsa taimaka wa mai karatu ne ya bi sawun wani ra'ayi daga maƙala zuwa maƙala. Daga baya ne jami'o'i da masu ba da tallafi suka ɗauki kundin suka mai da shi sikelin auna mutane.

Yana da kyau a riƙe wannan tun daga farko: ambato yana nuna hankalin wasu marubuta ya kai ga aikin. Bai ce aikin daidai ne ba, bai kuma ce wani mara lafiya ya warke saboda shi ba. Sau da yawa abubuwan nan uku sukan tafi tare, amma akwai lokutan da sukan rabu, kuma yawancin tambayoyin da ke tafe a kan waɗannan lokutan ne.

Na duba sunan mutum ɗaya a wurare uku, na ga lambobi uku. Wanne ne gaskiya?

Duka ukun, gwargwadon abin da kowanne yake ƙirgawa. Web of Science, wanda ya gaji kundin Garfield kuma yanzu yake hannun kamfanin Clarivate, yana tantance mujallu ne, waɗanda ya zaɓa kaɗai yake ƙirgawa. Scopus na kamfanin Elsevier, da aka buɗe a 2004, ya fi shi faɗi. Google Scholar, shi ma na 2004, kusan duk abin da ya yi kama da rubutun ilimi a intanet yana kwasa: kundayen digiri, littattafai, maƙalun da ba a gama tantancewa ba. Saboda haka lambarsa ce galibi ta fi girma. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauko lambar wani daga Google Scholar a gwada da ta wani daga Web of Science. Idan za a gwada mutum biyu, a ɗauko daga rumbu ɗaya, a rana ɗaya, a kuma rubuta sunan rumbun da ranar.

Mene ne ma'aunin h?

Jorge Hirsch, masanin fiziks a Jami'ar California da ke San Diego, shi ya ƙirƙiro shi a 2005. Ma'anarsa mai sauƙi ce: idan an ce ma'aunin h na mutum 20 ne, yana da maƙala 20 waɗanda kowacce ta samu ambato aƙalla 20. Hirsch ya so lamba ɗaya da za ta haɗa yawan aiki da karɓuwarsa, ta yadda maƙala ɗaya tilo mai farin jini ba za ta ɗaga mutum sama ba, tarin maƙalun da ba wanda ya kula da su ma ba za su ɗaga shi ba.

Ga inda yake tuntuɓe. A ɗauka akwai masu bincike biyu, kowanne da maƙala goma. Na farko maƙalunsa sun samu ambato 900, 400, 60, 30, 12, 8, 5, 3, 1 da 0. Ma'auninsa 6 ne. Na biyu kowace maƙalarsa ta samu ambato 10 cif. Ma'auninsa 10 ne. A takarda na biyu ya fi. Amma na farko yana da aiki biyu da suka girgiza fanninsa, na biyu kuwa jimillar ambatonsa ɗari ne kacal. Wannan giɓin ne ya sa Leo Egghe ya kawo ma'aunin g a 2006, wanda yake ba manyan maƙalu nauyinsu.

Akwai kuma matsalar shekaru. Ma'aunin h ba ya sauka. Farfesan da ya daina bincike shekara goma da suka wuce lambarsa tana nan, wataƙila ma tana ƙaruwa, alhali matashiyar da ta yi aiki mai kyau cikin shekara biyar ba ta da hanyar kamo shi. Hirsch da kansa ya ba da shawarar a raba lambar da yawan shekarun da mutum ya yi yana wallafawa. Ko wannan ba ya ganin shekarun da mace ta yi tana haihuwa da raino, ko waɗanda likita ya yi yana kwana a asibiti.

To, ma'aunin h nawa ne ake ce wa mai kyau a fannin zuciya?

Babu wata lamba guda, kuma duk wanda ya ba ka ɗaya ba tare da ya tambayi shekarun mutumin da reshen da yake aiki ba, ka yi hattara da amsarsa. Likitan tiyatar zuciyar jarirai da masanin yaɗuwar hawan jini a cikin al'umma duka “masu binciken zuciya” ne, amma kasuwarsu ba ɗaya ba ce. Na farko masu karanta shi 'yan kaɗan ne a duniya, na biyu kuwa dubban marubuta ne suke buƙatar alƙalumansa don buɗe maƙalunsu.

Me ya sa wasu masana zuciya suke da ambato sama da dubu ɗari?

Wani ɓangare saboda aikinsu ne, wannan ba a musu. Wani ɓangaren kuma saboda irin takardun da fannin yake haifarwa. Iri uku ne suka fi tara ambato.

Na farko, ƙa'idojin jinya da manyan ƙungiyoyi suke fitarwa, kamar Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Turai da Ƙungiyar Zuciya ta Amurka. Duk wanda zai yi rubutu a kan gazawar zuciya ko hawan jini kusan dole ne ya ambaci sabuwar ƙa'ida. Mutumin da ya zauna a kwamitin rubuta uku ko huɗu daga cikinsu zai iya tara ambato fiye da wanda ya shafe rayuwarsa a ɗakin gwaji. Zama a irin wannan kwamiti girma ne, kuma shaida ce cewa abokan aiki sun yarda da mutum. Amma tattara abin da wasu suka gano daban yake da ganowa.

Na biyu, rahotannin alƙaluma. Ƙungiyar Zuciya ta Amurka tana fitar da rahoton ƙididdiga duk shekara a mujallar Circulation, haka ma shirin auna nauyin cututtuka a duniya da ake gudanarwa daga Seattle, wanda maƙalunsa kan ɗauki sunayen ɗaruruwan mutane. Kowannensu yana samun cikakken ambaton a shafinsa.

Na uku, maƙalun da suka koyar da hanyar aiki. Dabarar lissafin da William Friedewald da abokan aikinsa suka wallafa a 1972, ta ƙiyasta mugun kolastarol na LDL daga sauran sakamakon gwajin jini, an ambace ta dubban sau saboda duk wanda ya yi amfani da ita sai ya faɗi inda ya samo ta.

Don haka idan ka ga babbar lamba, buɗe jerin ka duba maƙalu goma na sama. Nawa ne ƙa'idoji da rahotanni? Nawa ne binciken da mutumin ya tsara da kansa? Wannan dubawar ba ta ɗaukar minti biyar, kuma ta fi lambar kanta faɗin gaskiya.

Idan maƙala ta fito a babbar mujalla, ba shi ke nan ba?

Fitowa a New England Journal of Medicine, Lancet, Circulation ko European Heart Journal ba ƙaramin abu ba ne. Tantancewarsu tana da tsauri, kuma yawancin abin da aka aika musu ba sa karɓa. Matsalar tana tasowa ne lokacin da aka ɗauki ma'aunin tasirin mujalla aka liƙa wa marubuci. Ga yadda ake lissafa shi: a ƙirga ambaton da maƙalun mujallar na shekara biyu da suka gabata suka samu a bana, a raba da yawan maƙalun. Matsakaici ne, kuma 'yan maƙalu kaɗan masu tashe ne suke jan sa sama. Mujallar da take buga ƙa'idojin jinya tana cin wannan riba sosai. Maƙalar da ke shafi na gaba kuwa tana iya zama ba wanda ya waiwaye ta.

Shekara biyu ma ta yi kaɗan ga wannan fanni. Binciken Framingham, wanda aka fara a 1948 da mutum 5,209 a wani gari na jihar Massachusetts, sai a 1961 ya fitar da maƙalar da ta yaɗa tunanin “abubuwan da ke ƙara haɗari”, wato hawan jini, yawan kolastarol da makamantansu. An ci gaba da bin 'ya'yan waɗannan mutane daga 1971, sannan jikokinsu daga 2002. Aikin da yake bin zuciyar ɗan Adam na tsawon rayuwa ba ya shiga sikelin shekara biyu.

Wannan damuwa ce ta haifar da Sanarwar San Francisco kan auna bincike, wadda aka tsara a ƙarshen 2012. Babban kiranta shi ne kada a yi amfani da ma'aunin mujalla wajen ɗaukar aiki, ƙarin girma ko ba da tallafi. A 2015 kuma aka wallafa ƙa'idoji goma na Leiden a mujallar Nature, na farkonsu yana cewa lambobi su taimaka wa hukuncin masana, kada su maye gurbinsa.

Akwai ma'aunin da yake la'akari da bambancin rassa?

Akwai, kuma sun fi ɗanyen ƙirga adalci. Scopus yana da wanda yake gwada ambaton maƙala da na takwarorinta masu fanni ɗaya, shekara ɗaya da nau'i ɗaya, 1.0 shi ne matsakaicin duniya, 2.0 kuma ninki biyu. Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka, wato NIH, sun fitar da nasu a 2016, wanda yake gano “fannin” maƙala ta hanyar duba sauran maƙalun da ake ambata tare da ita. Ana samun sa kyauta a shafin iCite. Amfaninsu shi ne suna hana a gwada likitan tiyata da masanin ƙwayoyin halitta kai tsaye. Sai dai har yanzu ambato suke ƙirgawa, don haka duk lahanin da ambato yake da shi suna ɗauke da shi.

Me ya kawo maganar haɗin gwiwa cikin awon?

Saboda a wannan fanni hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan ana son a tabbatar cewa wani magani yana rage mutuwa bayan bugun zuciya, marasa lafiya ɗari biyu ba za su isa ba, domin bambancin da ake nema ƙarami ne kuma sa'a kaɗai tana iya ɓoye shi ko ta ƙirƙire shi. Gwajin ISIS-2, da aka jagoranta daga Oxford aka wallafa a 1988, ya haɗa marasa lafiya 17,187 daga ɗaruruwan asibitoci kafin ya nuna cewa asfirin da maganin narkar da gudan jini kowanne yana rage mutuwa, haɗa su kuma ya fi. Binciken INTERHEART na 2004, ƙarƙashin Salim Yusuf na Jami'ar McMaster a Kanada, ya tattaro bayanai daga ƙasashe 52, ya nuna cewa abubuwa tara da ake iya gyarawa, irin su shan taba, hawan jini, ciwon suga da kitsen jini, su ne ke bayan kusan kashi 90 cikin ɗari na haɗarin bugun zuciya na farko. Babu asibiti ɗaya da zai iya wannan. Mutumin da ya iya haɗa irin wannan ayari ya riƙe shi shekara da shekaru ya yi aikin ilimi na gaske, ko da bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba.

Masu awo sukan zana taswira: kowane marubuci ɗigo ne, kowace maƙalar da biyu suka rubuta tare layi ce tsakaninsu. Manhajar VOSviewer daga Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan tana cikin waɗanda aka fi amfani da su. Daga taswirar ake duba yawan abokan aikin mutum, yawan ƙasashe da cibiyoyin da ya taɓa, da kuma ko shi ne gadar da ta haɗa rukuni biyu da ba sa haɗuwa, misali likitocin zuciya da injiniyoyin na'urori. A ganina wannan na ƙarshen ya fi sauran ma'ana.

Amma taswira tana son yawa, yawa kuma ba shi kaɗai ne haɗin gwiwa ba. Michael Brown da Joseph Goldstein sun fara aiki tare a Dallas a 1972, suka gano yadda ƙwayoyin jiki suke kama kolastarol na LDL daga jini, suka samu kyautar Nobel a 1985, suka ci gaba da gudanar da ɗakin gwaji ɗaya shekaru da dama bayan haka. A taswira wannan layi ɗaya ne mai kauri. A tarihin magani kuwa yana cikin haɗin gwiwa mafi albarka da aka taɓa yi.

Maƙala mai marubuta ɗari uku, wa ya yi aikin?

Nan ne gizo yake saƙa. A al'adar likitanci, sunan farko yawanci na wanda ya ɗauki nauyin aikin ne kuma ya rubuta, na ƙarshe na shugaban da ya kula da shi, sannan akwai wanda aka sa adireshinsa don amsa tambayoyi. Na tsakiya kuwa suna iya zama komai: masaniyar ƙididdigar da in ba ita ba gwajin ya rushe, ko wanda ya turo bayanan marasa lafiya biyar, ko shugaban sashen da bai ma karanta ba. Ma'aunin h yana ba dukansu lada ɗaya.

Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya ya gindaya sharuɗɗa huɗu kafin a kira mutum marubuci: ya ba da gudummawa ta haƙiƙa wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko fassara su, ya rubuta ko ya yi gyara mai ma'ana, ya amince da rubutun ƙarshe, ya kuma yarda zai amsa tambaya a kan ingancin aikin. Dole a cika duka huɗun. Mujallu da yawa yanzu suna amfani da tsarin CRediT, mai ayyuka 14, inda ake rubuta abin da kowa ya yi. Wannan ɗan sakin layi da ke ƙarshen maƙala, wanda kusan kowa yake tsallakewa, shi ne wurin da ya kamata mai awo ya fara karantawa.

Sharaɗi na huɗu ba ado ba ne. A 1981 aka kama John Darsee, matashin mai binciken zuciya a Harvard, yana ƙirƙirar sakamako. Da aka bi tsofaffin maƙalunsa, sai aka ga sunayen manyan mutane a kansu waɗanda ba su bi diddigin bayanan ba. Sun karɓi ladan suna, ba su ɗauki nauyinsa ba. Ɗaya gefen kuma shi ne wanda ya yi wahalar aka bar sunansa a waje, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ma'aikatan jinya da masu tattara bayanai sun fi kowa sanin wannan.

A 2018 John Ioannidis da abokan aikinsa suka wallafa nazari a Nature kan marubutan da suke fitar da maƙala sama da 72 a shekara, wato ɗaya duk kwana biyar. Ba su ce duka maguɗi ne ba. Amma kowa zai iya tambayar kansa ko mutum yana iya cika sharuɗɗan nan huɗu sau 72 a shekara yana kuma duba marasa lafiya. Wasu masu awo suna magance wannan ta raba lada: maƙala mai marubuta goma, kowa ya samu kashi ɗaya cikin goma. Wannan yana rage kumburin lambobi, sai dai yana tauye wanda ya jagoranci babban gwaji. Abin da ya fi sauƙi shi ne a ƙirga sau biyu, sau ɗaya da dukan maƙalu, sau ɗaya da waɗanda mutumin yake farko ko ƙarshe kaɗai, a ga tazarar.

Haɗin gwiwa tsakanin ƙasashe kullum alheri ne?

Maƙalun da suka haɗa ƙasashe sukan fi samun ambato, kuma jami'o'i suna alfahari da su. Amma taswira ba ta nuna wa ya kawo tambayar, wa ya riƙe bayanan, wa ya riƙe kuɗin. Akwai salon da masu bincike daga ƙasa mai arziki suke sauka a ƙasa mai ƙaramin ƙarfi, su kwashi jini da bayanai, su koma gida su rubuta, likitocin wurin kuma su samu gurbi a tsakiyar jeri ko a sashen godiya. A lissafi wannan “haɗin gwiwar duniya” ne. Misalin da ya saɓa wa haka shi ne binciken REMEDY a kan ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na yara, wanda aka wallafa a 2015 da marasa lafiya 3,343 daga asibitoci 25 a ƙasashen Afirka 12 da Indiya da Yaman, kuma masana daga Cape Town, Liesl Zühlke da marigayi Bongani Mayosi, suna kan gaba a cikinsa. Tambayar da ta dace a yi wa kowane haɗin gwiwa ita ce: bayan an gama, me ya rage a wurin da aka yi aikin? An horar da wani? Akwai wanda zai iya jagorantar bincike na gaba?

Laifi ne mutum ya ambaci aikinsa?

A'a. Wanda ya shekara ashirin a kan tambaya ɗaya dole ya koma ga abin da ya gano a baya. Abin zargi shi ne cusa maƙalun da ba su da alaƙa, ko rukunin abokai da suke ambaton juna da gangan, ko mai tantancewa da yake tilasta wa marubuci ya sa aikinsa. Scopus da Web of Science duka suna ba da damar cire ambaton kai. Idan an cire lambar ta faɗi warwas, akwai abin dubawa.

Yawan ambato yana nufin binciken gaskiya ne?

Fannin zuciya yana da amsa mai ɗaci ga wannan. Daga 2001, ɗakin gwajin Piero Anversa ya yi ta wallafa cewa wasu ƙwayoyin asali, wato ƙwayoyin jiki masu iya rikiɗa su zama wasu iri, suna iya sake gina tsokar zuciyar da ta mutu. Labari ne da kowa yake son ya zama gaskiya, maƙalun suka tara dubban ambato, aka gina gwaje-gwaje a kan marasa lafiya bisa gare su. Tun 2004 wasu ɗakunan gwaji suka ba da rahoton cewa sun kasa maimaita sakamakon farko. Sai a 2018 Harvard da asibitin Brigham, inda Anversa ya yi aiki, suka nemi a janye maƙalu 31 daga ɗakin saboda bayanan ƙarya, NIH kuma ta dakatar da wani gwaji da ake yi a kan masu gazawar zuciya. A duk tsawon waɗannan shekaru lambobin suna hawa. Har maƙalun da suka ƙaryata aikin suna ƙara masa ambato, domin ƙirga ba ta bambanta yabo da suka. Abin da ya fi ciwo shi ne marasa lafiyar da suka ba da jikinsu, da matasan da suka ƙarar da shekarunsu suna bin hanyar da ba ta ɓullewa.

Maƙalar da aka janye ma ba ta daina samun ambato, saboda mutane suna kwafo jeri daga wasu ba tare da sun buɗe asalin ba. PubMed, rumbun maƙalun likitanci, yana sa alama a kan waɗanda aka janye, shafin Retraction Watch mai bin diddigin janye maƙalu kuma yana da rumbun da kowa zai iya bincikawa.

Mai ambato kaɗan zai iya zama mai babban tasiri?

Ƙwarai. A 1929 Werner Forssmann, matashin likita a Jamus, ya zura siririn bututu ta jijiyar hannunsa har cikin zuciyarsa, ya ɗauki hoton ekisire don shaida. Manyansa ba su yaba ba, ya bar fannin ya koma likitan mafitsara. André Cournand da Dickinson Richards ne suka ɗauko dabarar a New York a shekarun 1940, su ukun suka raba kyautar Nobel a 1956. Da an auna Forssmann shekara biyar bayan aikinsa, da an ce bai yi komai ba. Yau duk wanda aka buɗe wa toshewar jijiyar zuciya da bututu yana cin gajiyar abin da ya fara.

Akira Endo na Japan ya samo maganin statin na farko, mai rage kolastarol, daga wani nau'in funfuna, ya wallafa a 1976. Sai a 1994 gwajin da aka yi a ƙasashen Sikandinebiya da mutum 4,444 ya tabbatar cewa irin wannan magani yana rage mutuwa. Kusan shekara ashirin ke nan tsakanin shuka da girbi.

Akwai kuma waɗanda ambatonsu yake da kaɗan saboda cutar da suka zaɓa ta talakawa ce. Masu binciken ciwon Chagas, wanda yake lalata zuciya a Latin Amurka, da yawa suna rubutu da Sifaniyanci da Fotugis a mujallun da manyan rumbuna ba sa ƙirgawa sosai. Ƙarancin masu ambato a nan yana nuna ƙarancin masu bincike da kuɗi, ba ƙarancin masu mutuwa ba.

Yawan magana a kafafen sada zumunta fa?

Akwai kamfanoni irin su Altmetric da suke ƙirga wannan. Yana nuna abin da ya ja hankalin jama'a cikin sauri, kuma maƙala a kan kofi ko ƙwai za ta doke maƙala a kan tiyatar bawul ɗin zuciya kullum. Ɓangarensa mai amfani shi ne inda yake nuna an ambaci aiki a takardun manufofin gwamnati ko na hukumomin lafiya.

Ni mara lafiya ne. In zaɓi likita da waɗannan lambobi?

A'a. Suna auna rubutu ne, ba hannu ba. Idan aiki za a yi maka, tambayi sau nawa likitan da asibitinsa suke yin irinsa a shekara da yadda sakamakonsu yake. Ka kuma lura ko yana sauraronka yana yi maka bayani.

Ni sabon mai bincike ne. Me zan yi?

Buɗe lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, kyauta ce, kuma tana hana a cakuɗa ayyukanka da na mai suna irin naka. Zaɓi salon rubuta sunanka guda ɗaya ka tsaya a kai. Duba shafinka a rumbunan nan lokaci zuwa lokaci, domin sukan raba mutum ɗaya gida biyu ko su jingina masa aikin wani. Kafin a fara kowane aikin haɗin gwiwa, a zauna a yi maganar jerin sunaye a rubuta. Maganar tana da nauyi a baki, musamman gaban manya, amma ta fi sauƙi a farko fiye da bayan an gama. Guji mujallun da suke karɓar kuɗi su buga komai cikin kwana uku. Kuma kada ka yanka bincike ɗaya gida huɗu don yawan maƙalu, masu karatu na gaske suna ganewa.

Kar ka ɓoye sakamakon da bai zo yadda kake fata ba. Gwajin CAST na 1989 ya shiga ne da fatan tabbatar da cewa magungunan daidaita bugawar zuciya suna ceton rai bayan bugun zuciya, sai ya tarar biyu daga cikinsu suna ƙara mutuwa. Aka dakatar da su, likitoci suka sauya hannu. Wannan sakamakon “rashin nasara” ya ceci rayuka masu yawa.

Ina cikin kwamitin ƙarin girma, da takardun mutum talatin a gabana. Ba ni da lokacin karanta komai. Yaya zan yi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce gaskiya, domin ƙarancin lokaci ne ya ba lambobi sarauta tun farko. Hanyar da masu ba da tallafi da dama suka koma gare ta ita ce a nemi kowane mai nema ya zaɓi ayyukansa uku zuwa biyar da ya fi alfahari da su, ya rubuta a taƙaice abin da kowanne ya gano, rawar da shi kansa ya taka, da abin da ya sauya bayansa. Karanta maƙala biyar abu ne mai yiwuwa, ɗari biyu kuwa ba mai karantawa.

Sannan a kawo lambobin a matsayin shaidu. A ɗauko su daga rumbu ɗaya, a cire ambaton kai, a ware ƙa'idojin jinya da rahotannin ɗaruruwan marubuta gefe guda, a yi amfani da ma'aunin da ya daidaita reshe da shekara, a kuma rage shekarun da mutum ya yi ba ya bakin aiki. A duba ko an dogara da bincikensa a wata ƙa'idar jinya, wanda ya bambanta da zamansa a kwamitin rubuta ta. A duba ko wasu sun maimaita sakamakonsa, ko ya buɗe bayanansa ga masu son dubawa, da kuma inda ɗalibansa suke yanzu. Idan lamba da karatu suka saɓa, a sa mutum biyu daga reshen mai neman su karanta maƙalun, kowanne shi kaɗai, su kawo ra'ayinsu a rubuce kafin kwamiti ya zauna.